Korolyov: Garin Da Igwa Ta Haifa, Roka Ta Raina

A arewa maso gabashin Mosko, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa, akwai garin Korolyov mai mutane sama da 200,000. Daga nan ake jan akalar ɓangaren Rasha na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A farkon ƙarni na 20 kuwa, 'yar unguwar gidajen hutu ce da ake kira Podlipki, inda masu hannu da shuni na Mosko ke zuwa shan iska a lokacin zafi.

Tsoro ne ya aza harsashin garin. A 1918, da sojojin Jamus suka matso kusa da Petrograd, sai sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta kwashe masana'antar ƙera igwa daga can ta dire ta a Podlipki. Ga layin dogo, ga fili, ga Mosko wadda a shekarar ta zama fadar mulki. Ma'aikata suka biyo injuna, gidaje suka biyo ma'aikata. A 1938 aka ɗaga wurin zuwa birni da sunan Kaliningrad.

Abin da ya sauya masa ƙaddara ya zo ne a 1946, lokacin da aka kafa cibiyar binciken rokoki ta NII-88 a harabar tsohuwar masana'antar. A nan Sergei Korolyov ya samu wurin zama, mutumin da gwamnatin Stalin ta taɓa jefawa sansanin gwale-gwale na Kolyma. Tawagarsa ta fara da kwaikwayon rokar V-2 ta Jamus, daga bisani ta ƙera R-7 wadda ta ɗaga tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a ranar 4 ga Oktoba, 1957. Kumbon da ya ɗauki Yuri Gagarin a 1961 ma aikinsu ne. Can Baikonur, a Kazakistan, ake harbawa, amma a nan ake zane da ƙira. Abin mamaki, har Korolyov ya rasu a 1966 talakawan Sobiyet ba su san sunansa ba, Babban Mai Zane kawai jaridu ke cewa.

A ganina, a nan ne ƙarfin garin da rauninsa suka haɗu. Uwar ɗaki ɗaya gare shi, wato gwamnati. Masana'antu ne ke gina gidaje da makarantu da asibitoci, ɗa kuma ya gaji teburin ubansa a ofishin zane. Muddin baitulmali na zubo kuɗi, sai son barka. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, albashi ya zama abin dariya, injiniyoyi da dama suka koma kasuwa ko suka tsallaka ƙetare. Haɗin gwiwa da Amurka a tashar sararin samaniya ta Mir, sannan a tashar ƙasa da ƙasa, shi ya taimaka wa kamfanin Energia, magajin ofishin zanen Korolyov, ya ci gaba da numfashi.

Gwamnati ta yi abin da ya fi sauƙi: karramawa. A 1996 aka raɗa wa garin sunan Korolyov, abin da ya kawo ƙarshen ruɗani da wata Kaliningrad ɗin ta bakin tekun Baltik. A 2001 aka ba shi lambar "garin kimiyya", a 2014 kuma aka haɗe masa maƙwabcinsa Yubileyny.

Sai dai kusancin Mosko da ya jawo masana'anta a 1918 shi ne yanzu ke cin garin. Gida a nan ya fi na Mosko araha, don haka dogayen benaye ke ta tsirowa, cike da mutanen da ba ruwansu da roka. Matashin da ya iya lissafi da kwamfuta kuma, banki ko kamfanin fasaha a Mosko zai ba shi abin da ofishin zane ba zai iya ba. Ta kudu gandun dajin Losiny Ostrov ya tokare garin, ba damar yanka sabuwar hanya ta cikinsa, shi ya sa kusan kowace mota sai ta bi babban titin Yaroslavl. Da sanyin safiya, a tashar jirgin da har yau ke amsa sunan Podlipki, dandamalin masu tafiya Mosko ne ke cika maƙil.