Ko Ka San Abin Da Ke Motsa Shafukan Intanet?

Ko ka sani cewa idan ka latsa wani wuri a shafin intanet, jerin zaɓi ya sauko ko hoto ya sauya ba tare da shafin ya sake buɗewa ba, sau da yawa wata 'yar manhaja ce mai suna jQuery ke wannan aiki? Wani matashi Ba'amurke, John Resig, ya fito da ita a birnin New York a watan Janairun 2006, kuma bisa ƙididdigar W3Techs kusan kashi uku cikin huɗu na shafukan duniya suna ɗauke da ita.

jQuery taska ce ta shiryayyun umarni da aka rubuta da JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Wahalar da ta ɗauke wa masu gina shafuka ce ta jawo mata farin jini. A lokacin da ta fito, kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da yadda take fahimtar umarni: abin da ya yi aiki a Firefox sai ya ƙi yi a Internet Explorer 6, dole mutum ya rubuta abu ɗaya sau biyu, ya gwada, ya sake gyarawa. Sai jQuery ta zama tafinta. Ka rubuta layi guda mai farawa da alamar dala, ita ce za ta isar da shi ga kowace burauza ta hanyar da take ganewa. Da ita ake ɓoye wani sashen shafi ko a bayyana shi, a duba fom kafin a tura, a ɗauko sabon bayani daga sabar a saka shi inda ya dace. Ga ta kyauta, ga WordPress, dandalin gina shafuka, ya haɗa ta cikin kayansa.

Amma a ganina bai kamata a ɗora ta a sabon shafi ba sai da dalili. Burauzoji sun daidaita, sun kuma rungumi dabarunta, har Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a 2022. Shafin GitHub na masu rubuta manhaja ya cire jQuery a 2018, Bootstrap 5, kayan aikin tsara shafuka, ya fito babu ita a 2021, shafin gwamnatin Birtaniya ma ya bi sahu a 2022, ya kuma ga cewa masu ƙananan wayoyi da raunin sabis ne suka fi cin moriyar hakan. Wani zai ce nauyinta bai wuce kilobayit 30 da 'yan kai ba, hoto ɗaya ma ya fi ta. Gaskiya ne, sai dai hoto nuna shi kawai waya ke yi, umarni kuwa sai ta karanta ta aiwatar kafin shafin ya amsa yatsan mai shi. Mai araha ce wayar da ke hannun yawancin mutane a Kano ko Damagaram, kuma da kuɗi suke sayen data. Maye gurbin jQuery da wata taskar da ta fi ta nauyi ma bai raba su da matsalar ba.

Saboda haka mai karatu, in kana sha'awar wannan sana'a, fara ƙwarewa a JavaScript tsantsa, sannan ka koyi jQuery, domin shafukan da za a kira ka gyara da yawa da ita aka gina su.