Albashi mafi ƙanƙanta

Mutumin da aka ɗauka aiki yana karɓar albashi in wata ya ƙare. Gwamnati takan yanke wani ƙima, ta ce kada mai gida ya biya ma'aikaci ƙasa da shi. Wannan shi ne albashi mafi ƙanƙanta. A Nijar ana ce masa SMIG. A shekarar 2012 an yanke shi jikka 30 da tamma 47 a wata.

Ƴan sandika sukan nemi a ƙara shi, masu kamfani kuma sukan ce a yi hankali. Don ku gane abin da ya haɗa su gardama, ku ɗauki wani mai gidan burodi a Damagaram. Yana da ma'aikata 5, kowa jikka 30. Sai doka ta ce daga yau jikka 40. Ku yi lissafi: kowane wata sai ya fid da jikka 50 bisa ga abin da ya saba. Ina zai samo su? Yana iya rage ribarsa. Yana iya ƙara wa burodi kuɗi, mai saye ya ɗauki nauyin. In duka biyun sun gagara, sai ya sallami mutum guda. Huɗu sun samu ƙari, ɗaya ya koma gida hannu sake, kuma sau da yawa shi ne yaron da bai gama koyon aikin ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa haka abin yake kullum: a ƙara albashi, aiki ya ragu. Sai wani abu ya faru a Amurka. A watan Afrilu na 1992 jihar New Jersey ta ɗaga albashin awa guda daga dala 4,25 zuwa dala 5,05. Dalar Amurka ce fa, ba dalarmu ta tamma 5 ba. Maƙwabciyarta, jihar Pennsylvania, ba ta ƙara komi ba. Malamai biyu, David Card da Alan Krueger, suka ga dama ta samu. Suka bi gidajen sayar da abinci 410 na jihohin biyu, suka tambayi yawan ma'aikatansu kafin ƙarin, suka sake tambaya bayan wasu watanni. Ba su ga aiki ya ragu a New Jersey ba. Abinci dai ya ɗan ƙara tsada. Wasu masana sun yi musu gardama, amma binciken ya sa aka sake tunani, har Card ya samu kyautar Nobel a 2021.

Mi ya sa ba a kori mutane ba? Wanda ake biya da kyau ba ya saurin barin aiki, mai gida ya huta da neman sabo da koya masa. Akwai kuma wuraren da ake biyan ma'aikaci ƙasa da abin da guminsa yake kawowa, don ba shi da wani wurin zuwa. A nan, ƙarin daga ribar mai gida yake fitowa. Sai dai ƙarin New Jersey bai kai kashi ɗaya cikin 5 ba. Da an ninka albashin sau biyu dare ɗaya, da labarin ya bambanta.

A ƙasarmu akwai wata magana. Mafi yawan mutane manoma ne da makiyaya da ƴan tireda. Ɗan ga-ruwa da ɗan dako ba su da takardar albashi, dokar ba ta kai gare su. In burodi ya yi tsada, su ma za su saye shi da tsada, alhali ba wanda ya ƙara musu komi.

Shi kansa mai albashi, ba yawan jikkuna yake dubawa ba, tiya nawa ta hatsi za su saya masa. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa: tamma guda ta Faransa, wadda a da ake samu da 50, ta koma 100. Albashi yana nan yadda yake a takarda, amma magani da sauran kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada, kuɗin wata suka riƙa ƙarewa tun wata bai ƙare ba.