Kwamfutar Octane: Ƙwaƙwalwa Biyu Da Katin Hoto Iri Uku

A cikin watan Janairun shekarar 1997 ne kamfanin Silicon Graphics da ke garin Mountain View na jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka ya ƙaddamar da wata kwamfuta da ya raɗa wa suna Octane, domin maye gurbin samfurin Indigo2 da ya daɗe yana sayarwa. Ba a ƙera ta don buga wasiƙu ko lissafin albashi ba. An yi ta ne domin injiniyoyi masu zana motoci da jiragen sama, da masu shirya finafinai, da likitoci masu nazarin hoton cikin jikin ɗan Adam, da kuma masu binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya bambanta ta da ta gabanta shi ne tana ɗaukar ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu samfurin R10000, masu saurin megahaz 175 ko 195, waɗanda manhajar IRIX ke rarraba musu aiki. Ke nan ɗaya za ta iya riƙe lissafi mai nauyi, yayin da ɗayar ke sauraron umarnin mai aiki.

Bugu da ƙari, kamfanin ya sake fasalin hanyar da bayanai ke bi a cikin na'urar. A yawancin kwamfutocin wancan lokaci, dukkan sassa hanya ɗaya suke bi, sai wannan ya wuce sannan wancan ya samu shiga, tamkar manyan motoci a kan ƙaramar gada. Ita kuwa Octane an sa mata wata mahaɗa da ke haɗa kowane sassa biyu kai tsaye, ta yadda da dama za su yi musayar bayanai a lokaci guda ba tare da jiran juna ba.

Sai dai inda mai saye ya fi bukatar natsuwa shi ne wajen zaɓen katin hoto, domin iri uku aka fito da su. Na farko, SI, yana da injin lissafin siffofi guda ɗaya, kuma gurbi ɗaya yake ci daga cikin gurabe huɗu da na'urar ke da su. Na biyu, SSI, injinansa biyu ne, yana cin gurbi biyu, ya kuma dace da masu zanen kayayyakin masana'antu. Na uku, MXI, shi ne mafi tsada, saboda ban da injina biyu an ƙara masa ma'adana ta megabait 4 da ke lulluɓe zane da kamannin fata ko ƙarfe ko katako nan take. Haka kuma ana iya sa kati biyu a na'ura ɗaya domin aiki da allo biyu. Saboda haka wanda ya sayi MXI alhali zanen ƙarafa kaɗai yake yi ya ɗaure jarinsa a banza, wanda kuma ya tsaya a SI yana harkar fim ya sayi ɓata lokaci.

Na'urar ta samu karɓuwa, har aka inganta katunanta a 1998, sannan aka fito da Octane2 a shekarar 2000, kafin a daina ƙera ta a 2004. Amma tun a shekarar ƙaddamarwar, kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel da manhajar Windows NT sun fara yin kaso mai yawa na irin wannan aiki a kan farashi mai rahusa. Kamfanin ya gwada shiga wannan kasuwa da nasa samfurin a 1999, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2006, ya sake nema a 2009, inda kamfanin Rackable Systems ya saye kadarorinsa. Tun a 2003 ma kamfanin Google ya karɓi hayar harabarsa ta Mountain View.

Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan biyu ne. Ga mai saye, aikin da za a yi shi ne ma'auni, ba sunan na'ura ba, kuma ya kamata ya tambayi kuɗin manhaja da na kayan gyara kafin ya biya. Ga mai sayarwa kuwa, ingancin kaya ba ya tsare ciniki muddin wani ya kawo abin da zai biya bukata a kan kuɗi kaɗan. Masu iya magana dai sun ce in kiɗa ya canza, dole rawa ma ta canza.