Auren rajista: Abin da ango da amarya za su tarar a ranar sa hannu

Jama'a sun saba kiran sa auren kotu, amma a ranar ɗaura shi babu alƙali, babu lauya, ba a kuma zaman shari'a. Ofishin gwamnati ne mai teburi da babban littafi, da jami'in da doka ta naɗa magatakardan aure. Abin da ake yi a gabansa bai cika wuce 'yan mintoci ba, sai dai mintocin nan suna ɗora auren a kan wata doka dabam da wadda yawancin mutane suka taso suka tarar a gidajensu. A Abuja, inda ma'aikata ke neman takardar saboda biza, ko tura su aiki ƙasar waje, ko cike fayil a ofis, akan samu masu sa hannu ba su san nauyin abin da suka ɗauka ba.

Dokar Najeriya ta amince da aure iri uku: na Musulunci, na gargajiya, da wanda ake ƙullawa a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, wadda asalinta ya faro tun 1914. Kowanne halastacce ne, kowanne kuma da ƙa'idarsa. Na ukun shi ne auren rajista. A babban birnin tarayya ana yin sa a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ana kuma yin sa a na ƙananan hukumomi irin su AMAC. An jima ana taƙaddama a kan wanda ke da hurumin, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa tarayya ikon yin doka a kan irin wannan aure, ya kuma bai wa ƙananan hukumomi aikin rajistar aure. A Disamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta taƙaita ikon ma'aikatar, amma a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, ta tabbatar da cewa ɓangarorin biyu suna da hurumi.

Kafin ranar ta zo

Ba a wayi gari a je a ɗaura auren rajista. Ɗaya daga cikin masu niyyar yakan shigar da sanarwa, magatakarda ya rubuta ta a littafi, a manna ta inda kowa zai gani har tsawon kwana 21. A cikin wannan lokaci duk mai hujja, ko iyaye ne ko wata matar da aka ɓoye, yana iya zuwa ya rubuta cewa bai yarda ba. Da zarar an yi haka maganar ta tsaya, sai alƙalin Babbar Kotu ya saurari ɓangarorin.

Idan kwanakin suka cika lafiya, magatakarda zai ba da takardar izini bayan an yi rantsuwa a kan abubuwa huɗu: ɗaya daga cikinsu ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kowannensu ya kai shekara 21, ko yana da rubutaccen izinin iyaye, babu dangantakar da ta haramta auren, sannan babu wanda ke da auren gargajiya da wani mutum dabam. Dole a ɗaura auren cikin wata uku daga ranar sanarwa, in ba haka ba a koma farko. Wanda tafiya ta matsa masa, kamar jami'in da aka tura ofishin jakadanci, yana iya neman lasisi na musamman daga Ministan Harkokin Cikin Gida, wanda ke ɗauke wa mutum zaman jiran.

Safiyar ranar

Doka ta kayyade lokaci: auren da ake yi a ofishin magatakarda sai tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ƙofa a buɗe, a gaban shaidu biyu. Buɗe ƙofar sharaɗi ne, domin auren ɓoye ba shi da gurbi a wannan doka.

Ma'aurata ba su kaɗai za su tarar da kansu a wurin ba. Akan haɗa aure da yawa a rana guda, a riƙa kira bi da bi, saboda haka wanda ya yi sammako shi ke fita da wuri. Harabar takan cika da dangi da masu ɗaukar hoto, ɗakin kuwa ba ya ɗaukar taro, don haka babban gayya sai a wurin liyafa. A zo da ainihin takardun da aka gabatar tun farko: katin shaida ko fasfo, shaidar haihuwa, rasit na kuɗin da aka biya, da hukuncin kotu na rabuwa ko shaidar rasuwa ga wanda ya taɓa aure. Su ma shaidu su riƙo katinsu. Ba dole ne su kasance iyaye ba, amma ya fi kyau a zaɓi manya masu hankali da za a iya samu ko bayan shekaru. Doka ba ta ce komai a kan sutura ba: babbar riga, kwat, leshi ko farar rigar amarya duk ana gani. Zobe ma al'ada ce da ofisoshi suka saba da ita, ingancin auren bai rataya a kansa ba.

A gaban magatakarda

Nan ne wanda ya saba da ɗaurin auren masallaci zai ga bambanci. Babu waliyyi, babu wakilin ango, ba a ambaton sadaki, ba a raba goro. Amarya da kanta take tsayawa ta yi magana, kuma wani ba ya amsawa a madadin wani.

Magatakarda zai fara da tambayar su biyun ko sun zo ne domin su zama miji da mata. Idan suka amsa, sai ya karanta musu gargaɗin da sashe na 27 ya tanada, kai tsaye ko ta bakin tafinta. Ma'anarsa ita ce: da wannan furuci a bainar jama'a, da sa hannun da zai biyo baya, sun zama ma'aurata a idon doka ko da ba a yi wani biki na addini ko na al'ada ba, auren ba ya warwarewa muddin suna raye sai da hukuncin kotu, wanda kuma ya sake yin wani aure alhali wannan yana nan ya aikata laifin da ake hukuntawa. Daga nan kowannensu zai kira mahalarta su shaida cewa ya karɓi ɗayan a matsayin abokin zama na halal.

Sai sa hannu. Ana cike takardar shaida kwafi biyu, ango da amarya da shaidu da magatakarda duk su rattaba hannu, a miƙa wa ma'auratan ɗaya, a adana ɗaya. Kafin a ɗora biro, a duba rubutun suna harafi bayan harafi. Idan fasfo da NIN suna ɗauke da Muhammad, takardar aure kuma ta ce Mohammed, to an sayi wahala a ofishin jakadanci ko wurin biyan haƙƙin magada. Gyara a teburin magatakarda minti guda ne. Bayan an fita kuwa sai takardar rantsuwa da zirga-zirga.

Abin da sa hannun ya ƙulla

Gargaɗin da aka karanta shi ne zuciyar al'amarin, ko da yake sau da yawa hayaniyar masu hoto takan danne shi. Auren rajista na mace ɗaya ne da namiji ɗaya. Mutumin da ke da mata a gida ta auren gargajiya, ya je ya yi rajista da wata, sashe na 33 ya ce auren nan na biyu bai ƙullu ba, sashe na 46 kuma ya tanadar masa ɗaurin shekara biyar. Wanda ya fara yin rajista sannan ya ƙaro mata ta hanyar gargajiya, sashe na 47 ya tanadar masa irin wannan hukunci. Ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan haka ba, amma illar takan fito ne ranar rabon gado ko karɓar kuɗin fansho, lokacin da matar da ke riƙe da takarda ta tsaya a gaban wadda ba ta da ita, mai gidan kuma ba ya nan balle ya yi bayani. Musulmin da ke tunanin ƙara aure wata rana ya kamata ya zauna da lauya da malami kafin ya shigar da sanarwa.

Rabuwa ma ta sauya hanya. Saki na baki ko na takarda ba ya kashe wannan aure, kotun shari'ar Musulunci ko ta gargajiya ba ta da ikon raba shi. Babbar Kotu ce kaɗai, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, bayan ta gamsu cewa zaman ya lalace ba gyara. A bisa ƙa'ida ba a shigar da ƙarar kafin auren ya cika shekara biyu sai da izinin kotu. A ɗaya gefen, wannan tsauri kariya ce: kotu tana da ikon yanke kuɗin ɗawainiya, da riƙon 'ya'ya, da rabon kadara, abin da ya sa mata da yawa ke nacewa a kan rajista.

Bayan an fito

Ga ma'aikacin tarayya akwai sauran aiki. A kai kwafin takardar sashen kula da ma'aikata domin a sabunta fayil, a sauya sunan magaji a kamfanin fansho, a kuma shigar da abokin zama cikin inshorar lafiya ta NHIA, wadda ke ɗaukar ma'aikaci da mata ko miji da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Matar da ta zaɓi sauya suna za ta buƙaci takardar rantsuwa da sanarwa a jarida kafin ta gyara NIN da asusun banki; doka ba ta tilasta mata sauyawar ba. Ainihin takardar kuma a adana ta inda su biyun suka sani.

Masu shiga tsakani da ke alkawarin kawo takarda gida ba tare da an bayyana a ofis ba, hanyarsu ba ta ɓullewa: auren da aka yi da sunan ƙarya, ko ba tare da izinin magatakarda ba, da sanin ɓangarorin biyu, doka ta ce babu shi. Kwana 21 ɗin da wasu ke ganin ɓata lokaci ne, su ne damar da ango da amarya da iyayensu ke da ita ta tambayar juna ko sun amince da sharuɗɗan da za a karanta musu, domin a ranar kanta magatakarda tambaya ɗaya zai yi, layi kuma yana jira a waje.