Aikin fasto a Zamfara ya wuce wa'azin Lahadi

A Gusau, inda Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999, Kiristoci tsiraru ne. Da yawansu 'yan kasuwa ne, ko ma'aikata, ko ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima, mutanen da ke iya tattara komatsansu su bar gari idan hankalinsu ya tashi. Wannan ne ya sauya ma'anar shugabancin coci a nan.

Ɗan kasuwa ya san mai saye ba ya komawa rumfar da aka wulaƙanta shi. Fasto ma ya san hakan, sai dai abin da ake nema a wurinsa ya fi nauyi. Idan 'yan bindiga suka tare hanyar Tsafe zuwa Funtuwa suka tafi da wani mabiyi, fasto ake fara bugawa waya. Shi zai lallashi iyali, shi za a tambaya ko za a taɓa kuɗin baiko don fansa, tambayar da ke iya raba kan dattawan coci.

Sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, a Satumban 2023 ya ƙara wa iyaye na nesa fargaba. Ba ingancin wa'azi suke tambaya ba. So suke su san wa zai ɗaga waya cikin dare.

Gwamnati kuwa, da ta katse layukan sadarwa a Satumban 2021, har wannan wayar ta kashe.