Waƙa a Matsayin Magani: Daga Girka Zuwa 'Yan Taru

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda waƙa ta zama hanyar warkarwa a ƙasar Sakkwato, da yadda masu jihadi suka riƙe hanyar, suka sauya abin da take ɗauke da shi. Yankin Boɗinga, inda Danchadi yake, na da muhimmanci a wannan tarihi, domin a Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815.

2.0 Waƙa a Bori

A wajen 'yan bori, cutar da ta gagari magani aikin iska ce. Akan yi wa majinyaci girka, inda masu garaya ko goge ko kiɗan ƙwarya ke kaɗa taken kowane iska, kamar Sarkin Rafi da Ɗangaladima, har ya hau. Abin lura shi ne ba a warkar da mutum shi kaɗai: taro ake yi, kuma wanda ya warke yakan sami sababbin 'yan'uwa. Bayi Hausawa sun kai wannan al'ada Tunis da Tarabulus, inda Tremearne ya yi nazarinta a littafinsa na 1914.

3.0 Nana Asma'u da 'Yan Taru

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar mata da yawa cikin takaba da bauta da baƙunci, kuma irin waɗannan ne bori ya fi jawowa. Nana Asma'u (1793–1864) ta gane cewa hani kawai ba zai wadatar ba. Sai ta tsara waƙoƙi cikin Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji masu kai su ƙauyuka, mata na haddacewa suna rerawa tare. Malfar da take ɗora wa jaji ma daga kayan sarautar Innar Gobir, shugabar bori, aka aro ta. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani.

4.0 Kammalawa

Ke nan, abin da ya canza shi ne wanda ake roƙo, amma murya da taro da jagorancin mata suna nan. Ya kamata manazarta su hanzarta naɗar waƙoƙin da suka saura a bakin tsofaffin matan karkarar Boɗinga da Shagari, tun kafin masu su su ƙaura.