Saniyar da ta sha wahala ba ta cika ƙwarya

Duk bazara, daga Dogarawa zuwa Galmi da Malbaza, maganar masu fura ɗaya ce: nono ya yi tsada, kuma wanda ake samu ya tsinke. Sai a ɗora laifin a kan 'yar Fulani, a ce ta yi masa ruwa. Mu dai a ganinmu, kafin a yi mata wannan zargi, a je garke a dubi saniyar.

A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Ƙonni yakan haura maki 40. Ciyawa ta ƙone, rijiya ta yi nisa, saniya mai shayarwa ta wuni tana tafiya. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa bisa in ta daɗe cikin ƙunci irin wannan, jikinta yakan yawaita wani sinadari da ake kira kotizol, shi kuwa kashe kaifin garkuwar jiki yake yi. Cutar da a da saniya ke iya turewa sai ta samu ƙofa: ciwon huhu, tsutsar ciki, da ciwon hantsa. An fi jin tsoron makonni uku kafin haihuwa da uku bayanta, don a nan ne garkuwar ta fi rauni.

Ciwon hantsa shi ne ya fi taɓa aljihunku, mata 'yan kasuwa. Hantsa ta kumbura ta yi zafi, madara ta fito da gudaji-gudaji, wani lokaci har da jini, in an ɗora ta a wuta ta tsinke. Wani abin kuma, makiyayi kan sayi allura a kasuwa ya tsira wa saniya da kansa, washegari a tatse ta. Wannan madara ba ta kwanciya da kyau, don maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa ta tsami, shan ta kuma ba alheri ba ne. Ku riƙa tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Ko duka da tsawa ma asara ne. Saniyar da aka razana takan riƙe nononta, haka in an raba ta da ɗan maraƙinta, ko da Azawak ce, wadda ake yabo a duk jihar Tawa.

Ku kuma 'yan tireda da dillalan bisashe, da ke cusa shanu a mota zuwa Ƙonni ko Illela ta Najeriya, ba ruwa ba inuwa: tarin da ke kama su kwanaki kaɗan bayan sauka, daga wahalar hanyar yake. Wanda ya sayi saniyar tatsa ya ware ta mako biyu, ya ba ta inuwa, ruwa, dusa da harawa, ya kira ma'aikacin kiwo ya duba ta kafin ta shiga garke.